'Yan Guduma da 'Yan Benci

A ƙarshen barandar ƙasa ta sashen koyon injiniyan gine-gine akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ɗalibai suna ce masa ɗakin fashe-fashe. A cikinsa ake kwaɓa kankare a zuba bim, wato irin doguwar sandar nan da magina ke ɗorawa a saman ƙofa ko taga. In ya bushe ya yi ƙwari, sai a ba ɗalibi alli a ce ya zana inda yake zaton zai fara tsagewa. Daga nan a kwantar da bim ɗin a bakin inji, kowa ya koma bayan ragar waya, a yi ta danna shi har ya karye. Wanda allinsa ya dace ya yi ta tsalle. Wanda ya kuskure, shi zai tsaya gaban 'yan'uwansa ya nemo dalili.

Wata malamar sashen da kowa ke kira Dakta ce ta ƙirƙiro wannan tsari, kuma ita ce ta hana rabin ajin shiga ɗakin.

Tana da hujjarta. Tun tana ɗaliba a sashen take ganin kowane sabon shugaba ya zo da salon koyarwarsa. Wani ya ce a yar da allo a koma majigi, wani ya ce a raba yara rukuni-rukuni, wani ya dawo da allon. Kowannensu sai ya rantse nasa ne ya fi, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya gwada. Mutanen da ba za su yarda a zuba kankaren rufin bene ba sai an auna ƙarfin simintin, su ne ke zuba wa yaran mutane salo bayan salo da ka. Wannan abu ya daɗe yana ci mata rai. Don haka da nata ya zo, ta ce ba za ta yarda da shi ba sai ta gwada shi kamar na kowa.

A farkon zango ta sa aka yi ƙuri'a a gaban aji, kowa ya sa hannu cikin hular kwano ya zaro takardarsa. Laccarsu ɗaya, jarrabawarsu ɗaya, kuma wani malami ne daga waje zai duba ta, bai san wane ne wane ba. Bambancin lokacin atisaye ne kawai. Rabi su tafi ɗakin fashe-fashe, rabi su zauna a aji su yi ta warware lissafi a kan allo. Kafin mako ya zagayo ɗalibai sun raɗa wa kansu suna, 'yan guduma da 'yan benci. Ta yi wa 'yan benci alkawarin cewa bayan jarrabawa za a buɗe musu ɗakin su fasa son ransu.

Alkawarin ya ishi kowa, ban da mutum ɗaya. Autan gidansu, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ta goya a bayanta, yana cikin ajin. Ya faɗi wannan darasi bara. Dokar makarantar kuwa ba ta da kwana: wanda ya faɗi sau biyu, ya tattara nasa ya nasa. Auta ya sa hannu cikin hular, ya zaro benci.

Ranar bai ce mata komai ba. Inna, mahaifiyarsu, ce ta ce.

Suna zaune a tsakar gida da yamma, Inna tana ɗinke bakin wata matashiya, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Na ji an ce akwai ɗakin da ake ba yara ilimi, akwai kuma inda ake ajiye su kamar kayan wanki."

"Ba haka ba ne, Inna."

"To yaya ne? Fahimtar da ni, ni da ban yi boko ba. Makullin ɗakin a hannun wa yake?"

"A hannuna."

"Ƙanen naki kuma yana waje."

"Ƙuri'a ce ta fitar da shi, ba ni ba."

"Ita ƙuri'ar daga sama ta faɗo? Uwarta ce ta haife ta?" Inna ta ciji zare ta tofar. "Ke kika kawo hular, ke kika yanka takardun. Yanzu kuma kin koma bayan hula kin ɓuya."

Dakta ta gyara zama. Ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ta bayyana wa mutane da yawa ba su ji ba. Ta ce ita kanta ba ta san ko ɗakin yana taimako ba. Yara suna son sa, gaskiya ne, akwai ƙara da ƙura da ihu, amma son abu daban, amfaninsa daban. Mai yiwuwa ma wanda ya zauna ya yi ta lissafi shi zai fi cin jarrabawa. In ta ɗauke Auta ta kai shi ɗakin, wataƙila ta raba shi da abin da zai cece shi ne.

Inna ta ajiye ɗinkin ta dube ta. "Ke kika gina abu da hannunki, kuma ki ce ba ki san ko yana da kyau ba?"

"Shi ya sa nake gwadawa."

"A kan ɗana."

"A kan 'ya'yan mutane duka, Inna. Kowane ɗan benci yana da uwa."

"Su je su nemi yayyensu. Ni nawa na sani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Auta yana jingine a bakin ƙofar ɗakinsa yana jin su. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce, "Ki bar ta, Inna. Yaya ba mutane take gani ba, ɗigo-ɗigo take gani a kan takarda. Ni ɗigo ne na ɓangaren hagu."

"Kai ɗigo ne da ba ya zuwa atisaye a kan lokaci," in ji Dakta. "Ka zauna gaba, ka daina zama kusa da taga."

"Na zauna gaba bara. Kin ga inda ya kai ni. Yaya, ni in ban ga abu da idona ba, ba ya zama a kaina. Kin fi kowa sani."

Ta sani. Shi ne yaron da ya warware rediyon mahaifinsu tun bai iya ɗaura wando ba, don ya ga inda mai maganar yake zaune. Amma ta san wani abu kuma, cewa kowane ɗalibi da ya taɓa faɗuwa yana da labarin da yake ba kansa, kuma ba duka ne gaskiya ba. 

Bayan kwana biyu Farfesa, shugaban sashen, ya aika a kira ta. Mutum ne mai fara'a, mai son a rabu lafiya, ofishinsa cike da hotunan gadoji da bai gina ba. Ya nuna mata kujera, ya tura mata faranti mai alewa.

"Dakta, labari ya iso ni. Yaron nan namu. Me zai hana a yi musanya cikin ruwan sanyi? Ɗalibi ɗaya ne. Teku ba ta sanin an ɗebi cokali."

"Ranka ya daɗe, wa za a cire a sa shi?"

"Ba sai an cire kowa ba. A ƙara kujera."

"Gobe ɗan wani malamin ya zo, a ƙara wata. Jibi a duba a ga 'yan guduma duk masu uwa a gindin murhu ne. In sun fi cin jarrabawa, me zan ce ya jawo? Gudumar ko gatan?"

Farfesa ya yi dariya ya kaɗa kai. "Ke dai akwai taurin kai. To bari in gaya miki nawa. Masu tantance kwasa-kwasai suna tafe ƙarshen shekara. Ina son in tsaya gabansu in ce ga sabon abu da sashenmu ya fito da shi, ya yi aiki. Kowa ya san zai yi aiki. Ni da na leƙa na ga yadda yaran ke murna, gani ya kori ji."

"Murna ka gani, ranka ya daɗe. Ba ka ga ilimi ba tukuna. Ni ma ban gani ba."

"Ƙanenki fa za a kora."

"Na sani."

Ta tashi ba ta taɓa alewar ba. A baranda ta wuce ajin atisaye, ta hango 'yan benci sun duƙufa, Auta yana kusa da taga, kansa a waje. Daga ƙasa ƙarar karyewar bim ta taso, ihu ya biyo baya. Duk 'yan benci suka ɗago kai a tare, sannan suka mayar. Wannan ɗago kai ya bi ta har gida. Mutum yana iya tabbata yana kan daidai, abin kuma ya ƙi barinsa ya ci abinci da daɗi.

Makonni suka shuɗe. Gidan ya yi wani irin shiru. Inna tana amsa gaisuwarta a taƙaice, Auta kuwa ya daina roƙo, har ya fara fara'a, abin da ya kamata ya sa ta zargi wani abu. Ta lura da wasu tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu a shimfiɗe a bayan ɗakin girki, ta ga Inna tana yayyafa musu ruwa safe da yamma. Ta ɗauka wani shuke-shuken tsofaffi ne, ba ta tambaya ba. Ita da ke koya wa mutane cewa sabon kankare sai an yi ta ba shi ruwa a ƙarƙashin buhu kafin ya yi ƙarfi.

Wata Asabar da rana ta dawo daga ofis da wuri. Tun daga bakin titi ta ga babura da kekuna jingine a katangar gidan. Ta tura ƙofa.

Tsakar gidan cike yake da 'yan benci. Ba duka ba, amma da yawa, maza da mata, wasu a tsaye, wasu a kan katangar rijiya. A tsakiya an kafa duro biyu, an gitta bim a kansu, dogo, mai kaurin cinyar babban mutum, gefensa duk zanen alli. An ɗora katako a tsakiyarsa an ɗaure da igiya, wasu kuma suna ta jera bulo a samansa. Auta ne ke ba da umarni, hannunsa fari fat da alli. Inna tana kan kujerarta a inuwa, da butar ruwa da kofuna a gabanta, kamar mai karɓar baƙin biki.

Suka waiwayo suka ga Dakta. Wata yarinya ta ɓoye allinta a bayanta.

Inna ce ta fara magana. "Sannu da zuwa, Dakta. Nan gidana ne. Ba hula, ba ƙuri'a. Simintin nawa ne, na gyaran katanga. In kina da makullin nan ma, fito da shi mu gani."

"Yaya, ba mu taɓa ɗakinki ba," in ji Auta. "Ba mu tambayi 'yan guduma komai ba. Ba dokar da ta ce kada mutum ya fasa abinsa a gidan uwarsa."

Gaskiya ya faɗa, ba dokar. Dakta ta tsaya riƙe da jakarta, tana lissafin abin da ya rage mata. In ta wuce ɗakinta ta rufe ƙofa ba ta ce uffan ba, za ta iya cewa wasan yara ne, sun fasa dutse sun watse, ba wanda ya koya musu komai. Abin da ke mayar da fashe-fashe darasi shi ne bayanin da ke biyo baya, kuma bayanin yana bakinta. Ta kudurta ba za ta buɗe shi ba. Ta nufi ɗakinta.

"A ci gaba!" in ji Auta da ƙarfi, don ta ji. "Guntu, shiga ka duba mana. Kai ne Allah ya yi wa tsawon aikin."

Aka yi dariya. Guntu, wani ɗan gajeren saurayi mai tabarau, ya ce, "Ranar da za a raba basira ai ku dogaye kuna can kuna karo da ƙofa." Ya durƙusa, ya rarrafa tsakanin duro biyun, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin bim ɗin, fuskarsa daidai tsakiya, yana haska shi da fitilar waya. "Ban ga komai ba tukuna. Ku ƙara bulo. Da na ga 'yar tsaga zan gaya muku, sai in fito."

Dakta tana bakin ƙofarta, hannunta a kan mariƙi. Ta waiwaya ta dubi ƙarshen bim ɗin. Kankare ne zalla, ba ko tsinken ƙarfe da ya leƙo.

"Akwai rodi a ciki?" ta tambaya.

Auta ya ɗaga kafaɗa. "Ba mu samu ba. Ai ƙaramin gwaji ne."

"Guntu, fito daga nan."

"Dakta, tsagar kawai nake so in..."

"Na ce ka fito! Ku ja shi! Kai kuma ajiye bulon nan a ƙasa, a ƙasa na ce, ba a kai ba!"

Ba su taɓa jin muryarta haka ba. Biyu suka kama ƙafafun Guntu suka fizgo shi, rigarsa ta kwashi ƙasa, tabarau ya karkace. Ya tashi zaune yana haki, ransa a ɓace. "To me na yi? Ai sai ya tsage kafin ya karye. A hoto haka muke gani."

Ta san in ta ce musu haɗari ne kawai, za su jira ta shiga ɗaki su mayar da shi. Yara ne masu karatun injiniya, ba a hana su abu sai da dalili. Dalilin kuwa shi ne darasin gaba ɗaya. Ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Wanda kuke gani a hoto yana da rodi. In ka danna bim daga sama, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma ja ake yi kamar igiya. Kankare yana jure matsi, ba ya jure ja. Rodi ne ke riƙe shi bayan ya tsage, shi ke ba ka lokacin gani da gudu. Wannan ba abin da ke riƙe da shi. Tsagarsa da faɗuwarsa abu ɗaya ne. Ba zai yi maka sallama ba." Ta nuna inda kan Guntu yake ɗazu. "Kuma daga nan zai fara. Ku ja baya, kowa bayan rijiya. Inna, har ke."

Inna ta tashi ba musu, ta ja kujerarta.

Dakta ta sa aka kawo dogon katako aka jingina, aka riƙa turo bulo daga nesa da sanda. Na farko ya hau, ba abin da ya faru. Na biyu ya hau. Ana cikin turo na gaba, ba ƙara, ba gargaɗi, bim ɗin ya rabe biyu ya zube da bulon duka a daidai wurin da ƙasa ke ɗauke da shatin bayan Guntu. Ƙura ta tashi. Ba wanda ya yi ihu irin na ɗakin fashe-fashe.

Auta ne ya fara matsawa. Ya durƙusa ya shafa bakin karayar, ya dubi zanen allinsa da ke can sama kusa da duro, nesa da inda abin ya faru.  "Daga ƙasa," ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa. "Shi ya sa ake sa rodin a ƙasa. Na haddace shi bara, na rubuta shi ma." Ya ɗago. "Yaya, to in bim ɗin ya leƙo waje kamar baranda fa, an riƙe shi ta gefe ɗaya?"

"Kai za ka gaya mini," in ji ta. Ta riga ta san abin da ta yi. Ta karɓi allin daga hannun yarinyar da ta ɓoye shi, ta miƙa masa. Sai da rana ta yi sanyi suka watse.

Ranar Litinin ta shiga ofishin Farfesa ta gaya masa komai. Ya saurara yana murza alewa a baki.

"Wa ya sani ban da ku?"

"Ni na sani."

"Dakta, a bar kaza cikin gashinta. Yara sun yi wasa a gida. Ki rubuta sakamakonki yadda ya fito, mu miƙa wa baƙinmu."

"Ba ni da 'yan benci kuma, ranka ya daɗe. Kusan rabinsu sun ga fashe-fashe, da bakina na yi musu bayani, sauran kuma sun ji daga gare su kafin gari ya waye. Duk abin da ya fito, ba zai nuna komai ba. Haka zan rubuta, cewa gwajin ya lalace, ga yadda ya lalace."

"Aikin zango guda ki zubar da hannunki? To tunda ya lalace, buɗe ɗakin kowa ya shiga, mu ce mun karɓi tsarin. Magana ta ƙare."

"Ɗakin zan buɗe wa 'yan wannan ajin, tunda rufewar ba ta da sauran amfani. Amma ba zan ce an karɓi tsarin ba. Baɗi zan sake ƙuri'a."

Fara'ar ta bar fuskarsa. "Ki sake jawo mini iyaye a bakin ofis? Ba da sa hannuna ba."

"To zan kai wa majalisar sashe, in faɗa a gaban kowa. In sun hana, sun hana. Amma ba zan tsaya gaban baƙi in ce na san abin da ban sani ba."

Sakamakon jarrabawa ya fito bayan hutu. Auta ya haye, da ƙyar, kamar wanda ya tsallake kwata ya taɓa ruwa da diddige. Ya shigo gida yana ihu, ya ɗaga Inna sama tana zaginsa tana dariya. Da Dakta ta dawo, Inna tana jiranta a tsakar gida, kusa da guntayen bim ɗin da ta hana a kwashe, ta mayar da ɗaya abin ɗora buta.

"To, Dakta. Kin gani?"

"Na ga ya ci. Na ji daɗi, Inna, Allah ya sani."

"Ba shi na tambaye ki ba. Kin ga abin naki yana aiki. Yaro ya fasa dutse, kansa ya buɗe."

"Ko kuma lissafin da ya yi ta yi a benci ne ya kama shi. Ko tsoron kora. Ko don karo na biyu ne. Guntu ma ya ga fashe-fashen, kansa a ƙarƙashin bim ɗin, amma ya faɗi jarrabawar. Ban ga komai ba, Inna. Da an bar ni, da yanzu na gani."

Inna ta riƙe haɓa. "Wannan 'ya, ko ruwa aka jefa ki sai kin ce a gwada a ga ko jiƙa yake yi."

Auta ya leƙo daga ɗaki. "Yaya, ni dai na san abin da ya buɗe mini kai."

"Ka san abin da ka ji. Je ka nemo mini hular kwanon nan, na ga ka ɗauke ta ranar da kuka yi ɓarnarku."

"Me za ki yi da ita?"

"Sababbin ɗalibai sun iso. Majalisa ta yarda, da ƙyar, kamar cin jarrabawarka."

Ya kawo hular, duk ta yi ƙura. Ta zauna a bakin rijiya ta goge ta da gefen mayafinta, ta ɗauko almakashi ta fara yanka takardu. Inna ta dube ta, ta yi tsaki, sannan ta tura mata kujera da ƙafa don kada ta zauna a rana.